Littafin Kwastan a Cikin Roba

Ni ne wawan wannan labari, gara in faɗa da bakina kafin matata ta riga ni.

Ina da mota mai ɗaki a ciki: gado, murhu, har da ɗan wurin wanka. Wani Bature da ya gama aikin mishan a Kagoro ne ya sayar mini da ita zai koma gida. Shekaru tana tsaye a bayan gidana a Kafanchan, ina shanya citta a kan rufinta. Sai 'yarmu da ke aure a Kamaru ta haifi 'ya mace, aka sa ranar miƙa jaririyar ga Ubangiji a coci. Matata ta ce ko da rarrafe sai ta je. Na ce wane rarrafe, ga gida mai taya?

Nan na shiga hannun mutanen takarda. Ni a aji huɗu na tsaya, amma ban taɓa ganin masu ilimi da ke tsoron mota kamar waɗannan ba. Fasfo, na yarda. Katin rigakafi, to. Sai lasin tuƙi na ƙasashen waje, wai nawa na gida bai iya Faransanci ba. Sai inshora ta dabam, kamar haɗarin can ya fi namu daraja. Sai takardar da ke shaida motar tawa ce, motar da kowane akuya a unguwarmu ya san mai ita. Wani ma'aikaci mai taye a wuya ya tambaye ni, mota ce ko gida? Na ce ya zo ya kwana ya gani.

Na ƙarshe shi ne littafin kwastan, wanda ke lamunin cewa ba zan sayar da motar a can ba. Mai ba ni ya soma bayani, na ce masa na yi tuƙi tun kafin a yaye shi. Ya rufe bakinsa, ya miƙo.

To, mu nan mun san abin da damina da gara suke yi wa takarda. Duk takarda mai daraja, laminetin ake yi mata. Na kai littafin shagon da ke kusa da kasuwa, na sa aka cire ƙusoshin da suka haɗa shafukan, aka liƙe kowane shafi cikin roba, ya fito yana ƙyalli. Matata ta ce, “Maigida, ka tambaya kuwa?” Na ce wa zan tambaya, waɗanda ba su san gida daga mota ba?

Kwana biyu muna hanya, ta Jos har Yola, muka isa iyaka ranar Asabar da hantsi. Bikin kuwa washegari ne.

Jami'ar kwastan da ke kan tebur ta juya shafin farko, ta ƙwanƙwasa shi da farce.

“Baba, wannan faranti ne?”

“Adana shi na yi, 'yata. Ku ba ku san adana ba.”

Ta buga hatimi. Ta shafa da yatsa, tawadar ta goge tas. Sannan ta nuna mini layin ƙananan huji a ƙarƙashin robar: kowane shafi yanki uku ne, a yage ɗaya in ka shiga, ɗaya in ka fita, na ukun ya zauna hannunka. Na ce a kawo almakashi. Ta ce littafin da aka warware aka yanka ba littafi ba ne kuma, sai in koma inda aka ba ni. Mu mutane muna iya wucewa, motar ce ba za ta taka ba.

Na yi wa jami'an wa'azi sosai a kan ƙasashen da ke jin tsoron roba. Ina cikin yi, na ga matata ta sauko da jakarta da buhun acca da ta ɗauko wa mai jego, ta tsayar da mai babur.

“Mama, ina za ki? Wa zai tsare motar?”

“Mai ita.”

“Ki dai gaya wa 'yarmu da mijinta na yi iyakar ƙoƙarina. Takarda ko ɗaya ba ta jiƙe ba.”

Ta gyara zama a kan babur, ta ɗora buhun a cinya.

“Zan gaya musu. In ka koma Kafanchan, ka biya shagon nan su yi wa bakinka laminetin. Shi ne kaɗai ka bari a buɗe.”