Igiyar da Ba ta Shanu Ba

Jiya jikata ta share rairayi da tafin hannu tana wasa. Sai na tuno wani tsoho na garin Urafan mai duban taurari.

A farin da aka yi zamanin soja shanunmu suka ƙare, maigidana ya daina magana. Na ja shi wurin tsohon a duba mana tauraronsa. Ya baje rairayi mai sanyi a zaure, ya tambayi sunan uwarsa, ya ja layuka, sannan ya share su duka.

"Ɗana, shanu sun mutu. Igiyar da kake tufkawa, ta wa ce?"

Kwana da kwanaki ina ganin maigidana da kaba a tsakar gida, har ina murna ya sami abin yi, ashe wuyansa yake yi wa! Maigidana ya kifa kai ya fashe da kuka, ya yi ta magana har la'asar.

Da za mu tafi na ce, "Baba, tauraro ne ya gaya maka?"

"Tafin hannunsa ne da kaba ta yayyanka, 'yata. Rairayin kuwa, don namiji ya sami inda zai zuba ido ne in hawaye ya zo."

Allah ya sanyaya makwancin tsohon kamar rairayin nan. Igiyar, guga muka ɗaura mata.