Ranar da Dalila Ta Faɗi Sunan Ciwonta

Dalila Zabeirou ta rasu a farkon bazarar nan, a ɗakinta da ke unguwar Glenwood a nan Amurka, muna zaune kewaye da ita. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Ni ce Hafsatu, ƙawarta, kuma har yau idan na dafa abu mai daɗi sai hannuna ya kai kan waya kafin in tuna ba ta nan.

A tashar bas ta cikin gari muka fara haɗuwa. Na taso daga unguwar Irving Park, inda nake kula da wata tsohuwar Baturiya, ina waya da gida, sai na ji wata doguwar mata a bayana ta ce da ƙarfi, "Jama'a, kowa ya riƙe jakarsa, Bakanuwa ta shigo tasha."

Na juya na ce, "Wannan bakin sai 'yar Damagaram. Wa ya ba ki biza?"

Ta yi dariya har ta dafa kafaɗata. Tun daga ranar ba mu rabu ba.

Kitso ne sana'arta. A falonta take yi, kujera ɗaya da madubi da tabarmar roba, amma mata har daga wasu garuruwa suke zuwa. Ɗaliban jami'a, ma'aikatan asibiti, matan coci masu shirin biki, duk sun zauna a gabanta. Mijinta Habibou aikin ɗaukar kaya yake yi nan da can, babu kamfanin da ya ba su inshorar lafiya. Shekaru suka yi a haka, in ciwo ya zo a sha na kanti a yi addu'a. Sai da aka yi dokar nan da ta ba masu sana'ar hannu damar sayen inshora da tallafin gwamnati, ta kuma hana kamfani korar mutum don yana da tsohon ciwo, sannan Dalila ta samu kati. Ita "asirans" take ce masa, irin na mutanen Nijar. Nakan ce mata ta gyara bakinta, ta ce in fara gyara halina.

Da wannan katin ta je aka duba wani ƙullutu da ta ji a ƙirjinta. Sankarar mama ce. Aka yi mata aiki, aka fara ba ta maganin nan mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya. Ni nake raka ta. Gashinta ya zube tas. Ranar da na share na ƙarshe daga kan matashinta na yi kuka, ita kuwa ta dubi madubi ta ce, "Mai kitso babu gashi. Ai mahauci ma ba kullum yake cin nama ba."

Amma ban da ni da Habibou da 'yarsu Nasiba, babu wanda ya sani. Kowa ya san yadda muke. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ka ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ba ma kiran irin wannan ciwon da sunansa, musamman in a jikin mace yake. Wadda Dalila ta fi ɓoye wa kuwa ita ce mahaifiyarta, Inna, da ke Damagaram, tsohuwa mai hawan jini. Kowace Juma'a sukan yi waya ta bidiyo. Dalila ta ɗaura kallabi har goshi, ta zana gira, ta sa kwalli, ta zauna inda hasken taga zai taimake ta. Inna ta ce ta rame, ita kuma ta ce sanyin Amurka ne.

A shekarar 2017 aka tayar da maganar soke dokar a majalisa. Rediyo, talabijin, cikin bas, ko'ina zancen ke nan. Dalila tana tsakiyar magani. In aka soke, kamfani zai iya dubanta ya ce ciwonki ya riga inshora zuwa, je ki nemi wani wuri. Ba ta faɗa ba, amma na ga ta daina kunna waƙa lokacin kitso, sai labarai.

Cikin masu zuwa kitso akwai Angelina, baƙar fata 'yar asalin garin nan, ma'aikaciyar jinya ce. Ita ba a ɓoye mata irin wannan abu, ido kawai ta sa ta gane. Wata rana tana zaune ana mata kitso ta ce za a yi taro a kan titin Elm ranar Asabar, mutanen da dokar ta taimaka za su tsaya su ba da labarinsu, a tura wa wakilan jiha. Ta ce, "Suna jin lissafi kullum, ba ya taɓa su. Mutum suke bukatar gani. Ki zo ki yi magana."

Bayan ta tafi na ce wa Dalila, "Kada ki soma. Kin san mutanenmu. Kafin ki sauko daga mumbarin nan wani ya ɗauka a waya, kafin la'asar ya kai Damagaram. Inna za ta ji a bakin maƙwabta."

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "To ki sa niƙabi, ki ce sunanki Ruqayya."

Ta harare ni. "Dabarar Kanawa ke nan, a sayar da kaya a ɓoye tambari. Matar da ta haife ni ba za ta gane muryata ba? Kuma mutanen nan fuska aka ce suna son gani, in kai musu labule?"

"To ki zauna a gida mana. Akwai masu magana da yawa."

Ta ci gaba da tsefe gashin roba a cinyarta. Can ta ce, "Hafsatu, a ɗakin maganin nan kin ga mu nawa ne. In kowa ya ce akwai wasu, wa zai je? Bon, shi ke nan. Inna zan fara faɗa wa, da bakina. Ki zo gobe da safe ki zauna kusa da ni."

Na je. Safiya ce a nan, can kuwa an yi azahar. Inna ta bayyana a waya tana zaune a tsakar gida. Dalila 'yar fari ce, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "ke". Aka yi gaisuwa. Ina gajiya, ina yara, ina mai gidan, yaya jiki. Dalila ta ce lafiya lau. Aka sake zagayowa, ta sake cewa lafiya lau. Na mintsine ta a cinya.

Sai ta sa hannu ta zame kallabin.

Inna ta ƙura mata ido. Muna jin kukan akuya a bayanta. Dalila ta faɗa mata sunan ciwon, da aikin da aka yi, da maganin, da abin da za ta je ta yi ranar Asabar.

Inna ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin azumin bara."

"Wa yake miki wanki? Wa yake dafa miki?"

"Hafsatu ce, ga ta nan."

Inna ta ce, "Allah Ya saka mata. Ni kuma kika mayar da ni baƙuwa. Azumi biyu ina roƙa miki kasuwa, ashe rai ya kamata in roƙa." Ta kashe wayar.

Muka sake kira, ba a ɗauka ba. Washegari ma haka. Dalila ta kwanta ta juya fuska bango, ni kuma na ce a raina shi ke nan, taron ya tashi. Amma ranar Asabar da hantsi na same ta ta shirya, cikin shuɗiyar atamfa, tana faɗa da Habibou a kan ya goge takalminsa.

Rana ta yi zafi sosai a titin Elm. Mutane sun cika, farare da baƙaƙe, wasu a keken guragu, wasu riƙe da kwalaye masu rubutu. Na hango 'yan masallacinmu a gefe, wayoyinsu a sama tun ba a fara ba. Da Angelina ta kira Dalila, na riƙe hannunta har bakin matakala. Nasiba ta ce za ta fassara mata, ta ce a'a, da Turancinta na kitso za ta yi.

Ta ce, "Sunana Dalila. Kitso nake yi a Glenwood, wasunku na san ƙeyarsu fiye da fuskarsu. Ina da sankarar mama. A ƙarƙashin kallabin nan babu gashi ko ɗaya. Ba zan nuna muku ba, mijina yana tsaye can, sai dai ku yarda da ni."

Aka yi dariya, aka tafa. Ta jira aka yi shiru.

"A garinmu ba a faɗin wannan. Uwata ma sai shekaranjiya ta ji, kuma yanzu ba ta magana da ni. Wannan na biya don in tsaya a nan. Ina aiki, ina biyan haraji, ina biyan inshorata. Ban gama magani ba. Ku bar mini dokar nan in gama."

Ta sauko. Wani tsoho Bature da ke da bututun numfashi a hanci ya miƙo mata ruwan sanyi. Ba ta iya buɗe robar ba, ni na buɗe mata.

Yadda na faɗa haka aka yi, bidiyon ya riga mu isa gida. Wasu matan unguwa suka ce ta tona wa kanta asiri a gaban arna, wasu suka zo da kuloli suna kuka suna neman gafarar rashin dubiya. Dalila ba ta kula kowa ba, wayarta kawai take kallo.

Sai Juma'ar da ta biyo baya ta yi ƙara. Ina wurin. Inna ce, kuma ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Duk unguwa sun cika mini gida da jaje, kamar an yi mutuwa. Na kore su. Na ce ku sake kallo da kyau, a tsaye take, ga Turawa suna sauraronta." Ta ja numfashi. "Dalila. Kina jina? Daga yau duk abin da likita ya ce, ni za ki fara faɗa wa. Ko mai daɗi ko marar daɗi."

Dalila ta kifa kai a cinyata. Tunda take a duniya ba ta taɓa jin sunanta a bakin matar nan ba.

Ba a soke dokar ba a waccan shekarar. Ba na cewa maganar Dalila ce ta hana, mutane dubbai ne suka fito a garuruwa da yawa, ita ɗaya ce a cikinsu. Amma ta gama maganinta. Gashi ya fito, fari-fari, ni na fara yi mata kitso a kai tana zagin hannuna. Ta ga auren Nasiba. Ta je Damagaram ta yi wata biyu a ɗakin Inna. Da ciwon ya dawo bayan shekaru, ya shiga ƙashi, a mota muka kira tsohuwar tun ba mu bar harabar asibiti ba. Inna ta raka ta da addu'a ta waya har ranar ƙarshe, ta san kowane mataki.

Yanzu an sake fara maganar taɓa dokar da rage tallafinta. Angelina ta kira ni, na ce ta sa sunana cikin masu magana. Turancina bai kai na Dalila ba, amma zan hau mumbarin.

Makon jiya, bayan an tashi daga karatun mata a masallaci, wata yarinya Chamsiya, sabuwar zuwa daga Maraɗi, ta tare ni a wurin takalma. Ba ta rage murya ba, ga mata suna wucewa. Ta ce, "Anti Hafsatu, na ji wani ƙullutu a ƙirjina, kuma ban san yadda ake samun asirans a nan ba."

Na ce ta ɗauko mayafinta mu je wurin Angelina. Ranar Talata za a duba ta, na riga na nemi hutu a wurin aiki, ni zan kai ta.