Juyen Mai Daga Sallah Sai Sallah

Maigidana, Allah ya jiƙansa, abu biyu ya bar mana ni da yara: gidan da muke ciki a Ƙofar Kaura, da wata tsohuwar mota ruwan toka. A cikinta ya koya mani tuƙi, kuma da ita nake sauke yara a makaranta in wuce inda nake koyarwa. Ta tsufa kam, amma lafiyarta ƙalau, illa dai tana ɗan shan baƙin mai. A gaban direba akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai hoton sifana, ita ke kawowa in lokacin juyen mai ya yi. Malam ko jiran ta ba ya yi. Cewa yake zafin garin nan da tsaye-tsayen cikin gari suna cinye mai tun kafin fitila ta ankara.

Yayansa kuwa, Alhaji, wani irin mutum ne da Allah ya zuba wa taurin kai. Komai ka kawo masa, amsarsa ɗaya ce: ba komai. Lokacin da Malam ya fara ciwon kan da ya zama ajalinsa, shi ne ya zauna a falona yana kaɗa ƙafa yana cewa gajiya ce, a bar zancen asibiti. A wajen mota ma yana da tasa dokar. Juye sau biyu ne a shekara, ɗaya da ƙaramar sallah, ɗaya da babba. Malam ya sha ce masa, “Haba Yaya, tsakanin sallolin nan fa wata biyu ne da 'yan kai. Sauran watannin duka injin ya sha me?” Sai ya yi dariya ya ce masu sayar da mai ne suka haɗa baki da Turawa suka saka fitilar. Motocin da suka mutu a hannunsa ban san adadinsu ba.

Juyen ƙarshe Malam ya yi shi da hannunsa cikin azumi. Daga nan ciwo ya kwantar da shi. Ana gama babbar sallah ya rasu. Tun yana asibiti ya ce mani, “Ki kula da fitilar nan, ta kusa kawowa.” Na ce masa to.

Na shiga takaba. Ba a yi sadakar bakwai ba Alhaji ya aiko a ba shi makulli. Wai mota in ta zauna lalacewa take, zai riƙa ɗumama mana ita. Ɗumamawa! Mutumin da ba shi da ko taya ɗaya a gadon nan. Amma ina zaune kan tabarma, gida cike da dangin miji, kowa ya zuba mani ido, ta yaya zan ce wa yayan mamaci a'a? Na miƙa makullin, raina na suya.

Ɗumamawar Alhaji ita ce Jibiya yau, gobe Charanci, jibi Mai'aduwa. Maƙwabciyata ta ce ta ga motar an danna mata buhuna har bayanta na jan ƙasa. Duk sanda ya leƙo gaishe ni, bayan mun gama doguwar gaisuwa da ya haƙuri, sai in ce, “Yaya, fitilar mai ba ta kawo ba?”

“Wace fitila kuma, Malama? Ni ban ga wata fitila ba.”

“Ai lokacin juye ya wuce.”

“Ke dai ki ji da takabarki. Sallah na nan zuwa.”

Sallar da sai mun yi kusan shekara za mu gan ta! Wallahi ji nake kamar in fita da mayafin takabar in ƙwace makullin a tsakiyar titi. Na aika ƙanwata ta roƙe shi, ya ce mata mata ba su san mota ba. Na sayi galan ɗin mai na aika masa har gida. Daga baya na ji a janaretonsa ya ƙare.

Ranar da na fita takaba ya kawo motar, an wanke ta tas, har da turare a ciki, yana ta washe baki yana jiran godiya. Washegari da safe na zuba yara za mu makaranta. Ina tayar da ita na ji muryarta ta canza, wani ƙas-ƙas-ƙas daga ƙasa kamar ana soya gyaɗa a kasko. Na duba gabana. A kusurwar gilashin mita an liƙa wata faffaɗar sitika koriya, an rubuta Masha Allah. Malam bai taɓa liƙa komai a wurin ba. Na sa farce na ɓare ta.

Fitila biyu ne a ƙarƙashi. Ta sifana tana ci, ga kuma wata ja mai hoton buta a gefenta, wadda Malam ya taɓa ce mani in na gan ta in kashe mota ko a ina nake. Ashe da gaskiyarsa da yake cewa bai ga fitila ba. Ya rufe ta ne da sunan Allah don kada ta dame shi.

Na kashe ta nan take, na kira bakaniken da Malam yake kai wa aiki a Ƙofar Ƙwaya. Ya zo ya shiga ƙarƙashi ya kwance notin baƙin mai. Ina tsaye ina kallo. Abin da ya fito ko rabin kwano bai kai ba, baƙi ƙirin, yana ɗiga da ƙyar kamar kwalta. Man da Malam ya zuba da azumi a bakinsa ke nan, ba wanda ya ƙara masa ko cokali. Bakaniken ya murza shi a yatsa, ya nuna mani ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli, ya ce, “Hajiya, sai haƙuri. Injin ya buga.”

Aka tura motar ƙarƙashin bishiyar bedin ƙofar gida. A keke mai ƙafa uku na kai yara ranar, ƙaramar tana ta tambaya me ya sami motar Baba.

Da la'asar sai ga Alhaji da carbinsa, labari ya kai masa. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa bonet, ya shigo ya zauna a kujerar da ya saba zama. Ko kunya babu a idonsa.

“Ai ba komai, Malama. Ita ma mota rai gare ta. Kwananta ne ya ƙare.”

Shekara da shekaru ban taɓa ɗaga ido na kalli mutumin nan ba, sai ranar. Sitikar tana hannuna tun safe, na dunƙule ta har ta jiƙe da gumi. Na miƙe ta, na ajiye masa a kan gwiwa.

Na ce, “Ga abinka, Yaya. Haka ka ce mani ranar da ƙanenka ya fara ciwon kai.”

Ya tashi ya fita, sitikar ta faɗi a bakin ƙofa, bai ɗauka ba. Na share ta da sauran shara.

Motar na nan ƙarƙashin bedin, tayoyinta sun sace. In ƙaramar ta murɗa makulli tana wasan tuƙi, fitilar sifana takan kawo, don batirin bai mutu ba tukuna.