Gwaggo Raba-Daidai da Kwalbar Maganin Kumatu

Gwaggo Raba-Daidai ba ta san zama ba. Ko kujera aka ba ta, gefe ɗaya take ɗosanawa, kamar wadda ta bar tukunya a kan wuta. Ɗakinta yana ƙasan bene, dab da matattakala, kuma raino ne sana'arta. Matan da ke fita aiki su ajiye mata 'ya'yansu da safe, su kwashe su da yamma. Tabarma, bokitin wanki, igiyar shanya cike da ƙananan wanduna, sai fanka mai kukan tsohuwar akuya. A nan ta tsufa tana share majinar 'ya'yan mutane.

Sunan kuwa ita ta jawo wa kanta. A gidan yawa ta tashi, inda mai dogon hannu ke ƙoshi, marar shi ya lashi kwano. Ita ce mai lasar kwanon. Tun daga nan ta rantse cewa a gabanta yaro ba zai ci wani yana kallo ba. Biskit ɗaya sai ta kakkarya shi har ya koma gari. In madara ta gaza, ta ƙara ruwa ta ishi kowa. Iyaye suna yaba mata, har wata ta ce da Gwaggo ce alƙali da tuni an rufe kotu.

Cikin yaran akwai wani ɗan lukuti da ake kira Kumatu. Uwarsa shara take yi a wani ofis, mace ce siririya mai saurin hawaye. Wata safiya ta zo da shi a kafaɗa, jikinsa rau da zazzaɓi, yana ta jan kunnensa na dama. Ta ce daga asibiti suke, likita ya leƙa ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga kunnen, in aka yi wasa har ji yana iya taɓuwa. Ta fito da wata 'yar kwalba da sirinji marar allura. Ta ce garin magani ne a ciki, nas ta zuba masa tafasasshen ruwa da ya huce, daidai zanen da ke jikin kwalbar. Sai da aka ɗora yaron a sikeli kafin a yanke abin da zai riƙa sha. Ita za ta ba shi na safe da na bayan magariba, na rana ne a hannun Gwaggo. A girgiza, a zuƙa zuwa wannan zanen na jikin sirinji, a ajiye a firij ɗin maƙwabciya.

Gwaggo tana ji tana ninke tsumma, tana raba faɗa da ƙafa. Ta ce ta shayar da yara magani tun uwar Kumatu ba ta san hanyar banɗaki ba.

Kuma gaskiya da farko ba ta kuskure ba. Ta girgiza, ta zuƙa daidai, ta matsa masa a gefen kunci. Matsalar ita ce maganin ƙamshin alewa gare shi. Kafin ta rufe kwalbar yara sun kewaye ta, kowa ya wangale baki kamar 'yan tsaki. Ta juya musu baya, suka zagayo. Ta hau matattakala, suka biyo ta da kuka. Zuciyarta ta ƙi. Ta ce a ranta ai ba guba ba ne, kuma rigakafi ya fi magani. Ta ɗiga a murfi ta bai wa kowa ya lasa.

Da ta ɗaga kwalbar sai ta ga ta yi ƙasa. Uwar za ta lura. To, Gwaggo ta san maganin abin da ya gaza. Ta kai kwalbar bakin famfo ta ƙara ruwa har maganin ya koma inda yake.

Haka aka yi ta yi. Yara na lasa, famfo na cikawa, magani na ƙara dusashewa kamar tsohon zane. Kumatu ya ɗan farfaɗo da farko, har ya koma ƙwace kayan wasan mutane. Sai kuma ya koma kwanciya. Zazzaɓin ya dawo, abinci ya ƙi shiga. Gwaggo ta taɓa goshinsa, ta fita, ta dawo ta sake taɓawa. Ta share ɗakin da ta riga ta share. Ta kwance shanya ta sake shanyawa. Da ta ga ruwan mugunya a kan matashin da ya kwanta, sai ta aika a kira uwar daga wurin aiki.

Ba wanda ya gayyaci Gwaggo asibiti, ita ta bi su, mayafi a karkace. A layi ma ba ta zauna ba, sai kai da kawo take tsakanin benci da taga har mai gadi ya tambaye ta ko ita ce marar lafiyar. Da suka shiga, likita ya duba kunnen, fuskarsa ta canza. Ya tambayi uwar ko an tsallake shan magani. Ta rantse ba a tsallake ba ko sau ɗaya. Ya ce to ke nan maganin bai karɓi cutar ba, sai a kwantar da yaron a koma allura mai ƙarfi. Uwar ta fara hawaye, tana cewa ita dama ta ga maganin ya yi tsululu, ƙila na jabu aka ba ta.

Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa. Da ta yi shiru da an zagi kamfani an wuce. Amma ta dubi hannun Kumatu, ɗan mitsitsi, inda za a soka allurar.

"Likita," ta ce, "maganinku bai yi laifi ba. Ruwan famfo yaron nan yake sha."

Ta faɗi komai, murfi da famfo da 'yan tsakinta. Uwar ta daina kuka cak.

"Gwaggo, kunnen ɗana kika raba wa 'ya'yan mutane?"



Likita bai ɗaga murya ba, abin da ya fi mari zafi ke nan. Ya ce wa Gwaggo irin wannan magani ba na rigakafi ba ne, na mai cutar ne shi kaɗai, kuma gwargwadon nauyinsa. In aka tsinka shi ba ya kashe ƙwayoyin, sai dai ya koya musu taurin kai. Sauran yaran kuwa Allah ne ya tsare, don akwai jikin da ba ya shiri da shi, lasa ɗaya sai ƙuraje, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe. Ya ce lallai ta gaya wa iyayensu yau, kuma duk wanda aka ga alama a jikinsa a garzayo da shi. Ya sa aka zubar da tsohuwar kwalbar, aka sake auna yaron, aka haɗa sabuwa. Ya ce a sha har ranar da ya yanke, ko da yaron ya miƙe yana tsalle, a dawo ya sake duba kunnen. In ba sauƙi nan kusa, kada a jira.

Gaya wa iyayen ya fi komai ɗaci. Ɗaya ta kwashe 'yarta ba ta sake dawowa ba. Uwar Kumatu kuwa ba ta da inda za ta kai shi, amma kwalbar ba ta sake kwana ko yini a hannun Gwaggo ba. Kullum da rana sai ga ta a guje daga ofis, da rigar aiki, gumi sharkaf. Ta shiga kicin da ɗanta ta turo ƙofa ta ba shi maganin. Gwaggo ce ke tsayawa a bakin ƙofar, ta baza hannuwa tana tare sauran, suna kuka suna jan zanenta, ita kuma tana kallon silin tana taune leɓe.

Zazzaɓi ya sauka, mugunya ta ƙafe. Ranar komawa asibiti Gwaggo ba ta bi su ba, amma ta kusa cinye matattakalar nan da hawa da sauka. Da yamma uwar ta shigo da shi, ta ce likita ya ce dodon kunnen da ya huje yana haɗewa, jinsa lafiya lau. Ta faɗa ne tana kallon bango.

Gwaggo ba ta yarda da faɗar kowa ba. Ta lallaɓa ta bayan yaron, ta ɓangaren dama, ta kira sunansa can ƙasa-ƙasa. Kumatu ya waiwayo.