Kwamfutar Baba ta hau wayfai ɗinmu

Jama'a, ku ji abin da ya faru da ni yau!

Bayan la'asar ina tura hotunan sunan ɗiyata daga laftof zuwa kwamfutar falo, a gidanmu na Unguwar Rimi. Abu ya ƙi tafiya. Ya ɗan motsa, ya tsaya, ya yanke. Na kashe akwatin wayfai na kunna, duk a banza!

Sai na kira Yaya Sadiƙu, shi ne ya haɗa mana wayoyin gidan. Ya ce, "Wata na'ura ce ke amfani da lamba ɗaya da taki, shi ya sa suke karo. Duba sunayen da suka hau."

Na duba. Wayata, wayar Mama, laftof, kwamfutar falo, sai wani suna: Ofishin Baba.

Innalillahi! Tun rasuwar Baba ɗakin ofishin nan nasa a kulle yake, makullin yana hannun Baffa a Zariya sai an yi rabon gado. Yaya ya ce, "Ƙila wuta aka kawo kwamfutarsa ta kunna kanta." Na ce, "Yaya, ni da hannuna na zare filoginta ranar da aka kulle!"



Na zagaya na leƙa ta taga. Wallahi allon a kunne yake, hoton jaririyata ya cika shi!

Na ruga wajen Mama ina haki. Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba. Ta ce, "Ki bar shi ya gani mana. Ai bai samu ganinta ba."