Salatif ɗin da ke ƙarƙashin kwamfutar Baba

Ana ce mata Anti Salatif, shagonta yana ƙarƙashin matattakalar bene, ɗan ƙarami ne, in ta miƙa hannu sai ta taɓa bango biyu. Da can taipin take yi wa mutane, daga baya ta koyi gyaran kwamfuta da kanta, a hankali, tana kallon masu gyara tana tambaya har suka gaji da ita. Sunan kuma daga wata ɗabi'arta ya fito. Duk kwamfutar da aka kawo mata, kafin ta taɓa komai sai ta shiga bayos, wato shuɗin shafin nan da ke fitowa kafin kwamfuta ta tashi, inda ake gaya mata yadda za ta yi magana da had dis ɗinta, sai ta rubuta yadda ta same shi a jikin farin salatif ta manna a ƙasa. Maƙwabtanta masu sayar da caja suna mata dariya, wai tana yi wa kwamfuta laya. Ita ko a jikinta.

Tana son shuɗin shafin nan sosai, takan zauna tana kallonsa kamar ruwa mai zurfi, fanka na juyawa, hayaniyar titi ta yi nisa, har sai wani ya buga teburin ta dawo.

Ran nan da rana sai ga Autansu, ƙato da gemu, direban babbar mota, ya shigo rungume da tsohuwar laftof ɗin mahaifinsu, gumi sharkaf. Baba ya rasu shekara biyu ke nan, kuma muryarsa tana ciki, don shekarar da idonsa ya tafi yakan zauna ya yi ta ba da labarin ƙuruciyarsa ana ɗauka. Babu kwafi ko'ina, kullum gobe za a yi. Mama ce ta tashi da kewarsa ta ce tana so ta ji shi, Auta ya ga laftof ɗin tana jan ƙafa, ya ce bari ya sa mata sabon tsarin da ke tafiyar da kwamfuta daga filash ya burge Mama. Tsarin ya ce bai ga had dis ba. Sai ya kalli bidiyo a waya, ya shiga bayos ya yi ta juya abubuwa, da dis ɗin ya bayyana aka tambaye shi ko a goge komai, sai tsoro ya kama shi ya fita. Yanzu tsohon tsarin ma ya ƙi tashi, shi kuma bai san me da me ya taɓa ba.

"Yaya, na kashe shi karo na biyu," ya ce.

Ba ta yi masa faɗa ba, ta dai ce direban da bai san hanya ba ya kama juya alamun titi. Ta kunna, ta kara kunnenta a jikin laftof ɗin, ta ji ƙas, ƙas, a hankali. Dis ɗin ya tsufa, irin wanda kowane tashi zai iya zama na ƙarshe, ba za ta yi ta gwaje-gwaje a kansa ba. Ta kashe da sauri, ta kife ta.

Salatif na nan. Ya yi rawaya, gefensa ya naɗe, rubutunta ne na shekara takwas baya, layi uku, na farko IDE, wato hanyar da take magana da dis ɗin. Ta tuna ranar, Baba a kan bencin nan hularsa a gwiwa yana ce mata uwata, wannan takardar kuma ta mece ce, ta ce don wata rana, ya ce to Allah Ya kai mu.

Ta shiga bayos, ta ga Auta ya mayar da shi wata hanyar, AHCI, ta dawo da shi IDE, ta bi layi na biyu da na uku kamar mai taka sawun wani a yashi, ta adana, ta ɗaga hannunta. Allon ya yi baƙi, ya daɗe, Auta ya tsuguna ya rufe fuska. Sai ga hoton tsakar gidansu ya fito, da igiyar shanya da kujerar Baba.

Ba ta danna muryar ba tukuna. Ta kwashe komai a filash biyu, layin da ke nuna kwafin yana tafiya kamar katantanwa, sai da ya cika ta yi numfashi. Sannan ta buɗe labarinsa na farko. Tari ne ya fara fitowa, da ƙarar kujera, sai Baba ya ce, "Ya fara ɗauka? To ku yi shiru mana."

Suka yi shiru, har mai caja da ya leƙo zai yi tsokana.

Auta ya tambaya ko yanzu za ta sa sabon tsarin. Ta ce za ta sa, da AHCI ɗin ma, don shi sabon tsarin yake so, amma sai gobe. Ta miƙa masa filash ɗaya ta ce ya kai wa Mama, kada ya taɓa komai a hanya. Ta yanki sabon salatif ta manna kusa da tsohon, ba ta cire shi ba.