Ranar da Samira Ta Baƙanta Yatsun Kambo

"...duka, Iya! Na ce duka! Ba a cire ko mutum guda ba! Ku aje kayan nan, ku kwance gadajen angarib! Ina Samira? Ku kira min Samira!"

Hakanan na yi ta ihu a tsakar kambonmu ranar Alhamis da la'asar, mutane cike, awaki na ratsa ƙafafu, kowa da ƙunshin kayanshi a ɗaure. Amma bari in faro muku daga tushe, don wanda bai san Samira ba, ba zai gane mi ya sa ƙato da gemu kamata yake tsalle yana kuka ba.

Samira ƙanwata ce, ciki ɗaya. Hannana ce, wato mai yi wa amare lalle. A Hasahisa ta koya gun gwaggonmu, lokacin da baba ke aiki a masaƙa. Da masaƙa ta tsaya sai muka dawo kambo, bukkokin 'yan ƙwadago a bakin tur'ar ban ruwa, yamma da Managil, kan filin Haj Abdussalami. Tun tana shekara goma take zane a gindin faranti da ragowar miya. Da ta girma, har daga Managil ake aiko raksha, babur mai ƙafa uku, a ɗauke ta. Ba ta da surutu. In ta riƙe hannun amarya, harshenta kawai za ka ga ya leƙo gefen baki, sai fure ya fito kamar da can yana nan. Ta auri Mujahid, suka haifi ɗiya guda, Rayan.

Haj Abdussalami Bahaushe ne kamarmu, kakanshi da namu hanya ɗaya suka biyo. Sai dai shi yana da gonaki, mu hannu kawai muke da. Mu ke dasa mishi albasa, mu ke cirewa. Da zaɓe ya zo ya tsaya takara. Ustaz Sharfuddeen malamin makaranta shi ma ya tsaya, yana cewa zai nema wa kambo takardar fili. Haj ya san inda ƙuri'armu za ta nufa, sai ya aiko wakilinshi Lukman a cikin boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya.

"Haj na gaishe ku," in ji Lukman, ko saukowa bai yi ba. "Ya ce ku huta, ba sai kun wahala zuwa akwati ba. Wanda aka ga tawadar zaɓe a yatsanshi, shi da iyalinshi su nemi wani gun kwana."

Duk da haka mutum ashirin da 'yan kai suka zagaya ta bayan tur'a suka jefa. Samira na ciki. Baba Ali, tsohon da ke ɗebo mana ruwa da jaki, shi su Lukman suka tare a hanyar dawowa daga akwati. Suka sa yatsanshi a ƙofar boksi suka rufe. Sau biyu, don Lukman ya ce na farko bai ji ƙara ba. Suka turo shi da saƙo: gobe da hantsi za su zo duba na sauran.

Kafin azahar maza sun fito da lauje da gatari, Mujahid ne gaba. Samira tana ƙarƙashin rumfa, ta jiƙa baƙin rini a kwano don wata amarya. Ta miƙe ta tare shi.

"Ya Abu Rayan, ina zuwa da lauje? Albasa ake cirewa yanzu, ba dawa ba."

"Kauce, Samira. Kin ga yatsan Baba Ali?"

"Na gani, ni na ɗaure shi. In ka sare Lukman wa za a rataye, kai ko Haj? Kuma gobe ba sai sun wahala da duba yatsa ba. Wuta za su sa mana, kowa ya ce mu muka ja."

"To mu zauna su tsince mu ɗai-ɗai kamar tumakin layya?"

"Ba ni hannunka."

Shi bai je zaɓe ba, yatsanshi fes. Ta kama ta tsoma a kwano, ta riƙe, sannan ta jera da nata. Wallahi ko uwar da ta haife su ba ta raba su. Mujahid ya dubi yatsun nan biyu, ya dubi laujen, ya jingine shi jikin rumfa.

Kun san al'adarmu, ranar lallen ango abokanshi ma ana sa musu a hannu, don haka ba namijin da ya ji kunya. Waɗanda suka ƙi su ne waɗanda ba su jefa ba. Hadizatu mai shayi ta ɓoye hannu cikin mayafi.

"Ni ban je ba, ƴar nan. Don mi zan ɗauki kayan wani?"

"To Inna, in an kori Baba Ali, da mi za ki dafa shayin? Da yawu?"

Aka sa dariya, Hadizatu ta miƙo yatsa tana zagi. Liman ne na ƙarshe. Kafin magariba babu baligi a kambo mai farin yatsa.

Da hantsi Lukman ya iso da ƙarti huɗu da sanduna. Ya jera mu a rana, ya ce kowa ya ɗaga hannu. Ya bi layi, ya dawo, ya sake bi.

"Mi ne ne wanga?"

"Biki muke," in ji wani daga baya.

"Wa ne angon?"

Baba Ali ya ɗaga hannunshi mai tsumma. "Ni ne, ya walad, kai yaro. Ba a gayyace ka ba?"

Dariyar nan ce ta ƙona shi. Ya tambayi wanda ya yi aikin, aka yi shiru. Sai ya cafko Iya, mahaifiyarmu, ya fizge mata mayafi gaban jama'a. Nan Samira ta fito.

"Sake ta. Ni ce."

Aka kifa turmi, mutum biyu suka danne hannunta na dama a kai. Samira ba sandar take kallo ba, mijinta take kallo, don ta san laujen na nan jikin rumfa. Da ta farko ta sauka ta ƙwala: "Kada wanda ya motsa!" Ta biyu: "Abu Rayan, na haɗa ka da Allah!" Ta uku ta sauka. Mujahid ya cusa wuyan jallabiyarshi a baki ya cije har ta yage. Ba wanda ya motsa.

"Sunaye nake so," in ji Lukman yana goge sanda da ƙasa. "Zuwa Juma'a. In babu, kambo duka ya tashi."

Mai ɗori ya duba ya ce za ta ci abinci da hannun, amma zane kam kalas, ya ƙare. Dangin amarya suka nemi wata hannana ranar. Ustaz Sharfuddeen ya faɗi zaɓe, ko sannu bai aiko ba. Aka hana mu aiki, gari ya ƙare a gidaje, sai baki ya juyo kan Samira. Da mutum ashirin za a kora, yanzu ta ja wa kowa. Wata ta watsa mata ruwan wanke-wanke a ƙofa. Hadizatu ta dirje yatsanta da toka da fetur har fata ta saɓule, baƙin na nan. Samira tana kwance tana ji, hannu kumbure kamar gora. Tsoronta guda, kada bakin wani ya buɗe ya kai suna. Duk wanda ya nufi hanyar gidan Haj sai ta bi shi da ido har ya dawo. Ran Laraba ta ce, "Iya, ganyen albasarshi ya kwanta tun shekaranjiya, ga rana. Kowane kambo na kan tasu albasar. Wa zai cire mishi?" Iya ta ce ta yi shiru ta sha kununta.

Ba wanda ya kai suna. Alhamis muka ɗaure kaya. Ana cikin jayayyar ko a kwance rumfuna, sai wayata ta yi ƙara. Lukman.

"Bilyamin? Haj ya ce lori zai zo gobe bayan sallar asuba."

"Lorin kwashe mu?"

"Lorin albasa, ya zol, bawan Allah. Ta fara dahuwa a ƙasa."

"Su wa za su hau? Masu baƙin yatsa?"



"Kowa. Ba wanda zai tashi daga kambo."

"Har hannanar?"

"Har ita. Ai hannu guda ma yana cire albasa."

Ya kashe wayar.